Dutsen Wuyan Inna

Ni ma'aikacin ilmi ne. Da na fita daga kwalejin horon malamai na yi shekara 12 ina koyarwa, sa'an nan aka mai da ni mai duba makarantu. Aikina shi ne in zaga makarantun firamare, in ga yadda malamai ke koyarwa, da yadda yara ke ɗaukar karatu. Saboda haka na saba da nuna wa mutane kuskurensu. Amma yau labarin nawa kuskuren zan ba ku, da abin da na koya a cikinsa, ko ya amfane ku.

Mahaifiyata, wadda mu ke kira Inna, tana da wani abin wuya da ta gada daga tata uwar. Duwatsu ne shuɗɗa guda 9, kowanne ya yi girman ɗan kanya, an shirya su a zare ɗaya. Ko da ya ke duwatsu mu ke ce musu, ba daga dutse aka sassaƙo su ba. Gilashi ne, aikin mutanen Bida ta ƙasar Nufe, cikin Jihar Neja. A can akwai masu aikin gilashi da a ke kira Masaga. Su kan narka gilashi a wuta, su naɗe shi a jikin sandar ƙarfe, su yi ta juyawa har ya zama dutsen ado. Da can da kansu su ke haɗa gilashin daga yashi da kanwa, daga baya suka koma narka fasassun kwalabe. A shekarar 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen duniya da suka shahara da sana'ar hannu.

Wata rana a gidan suna zaren ya tsinke, duwatsun suka watse a tsakar gida. Mata suka taya ta tsinta, aka sami 8, na taran ya ɓace. Inna ta ƙulle sauran a tsumma, ta sa a ƙasan akwatinta, ba ta ƙara sa su ba. Da aka sa ranar auren autarmu a shekarar 2023, sai na ji tana ce wa ƙanwarta, "Na so in ba yarinyar nan abin wuyan uwarmu, amma ba na ba da abu da giɓi."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na tafi kasuwar Kurmi a Kano, na bi rumfunan masu sai da duwatsun ado ɗaya bayan ɗaya. Shuɗɗan duwatsu kam ga su nan tuli, amma babu wanda ya yi daidai da na Inna. Wani ya fi girma, wani ya fi tsawo, gama abin da aka yi da hannu ba ya zama ɗaya. A kan hanyar komowa na tuna da wata mata da na taɓa gani a wurin nunin sana'o'i, tana zuba wani ruwa mai kauri a cikin 'yan ramuka, yana daskarewa ya zama 'yan kunne. Na ce a raina, abin da aka yi ɗan kunne da shi, ai a yi dutsen wuya da shi.

Na je na durƙusa gaban Inna, na ce, "Inna, ki ara mini dutse guda, zan yi miki ɗan'uwansa." Da ya ke ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana. Ta dube ni, ta ce, "Kai da alli ka saba, ina kai ina wannan?" Na yi ta roƙo, har ta kwance tsumman ta miƙo mini guda, ta ce, "Ga shi. Ka dai san ɗaya ya riga ya tafi." A ran nan saura mako 5 a yi biki.

Kafin in ci gaba, bari in bayyana muku abu biyu, watau mazubi da abin da a ke zubawa a cikinsa.

Kowa a cikinku ya san tanda. Mai waina ta kan shafa mai a ramukan tanda, ta zuba ƙullu, in ya gasu ta ciro waina mai siffar ramin. To, tanda mazubi ce. Haka kuma akwatin da magina ke buga bulo da shi, da yashin da masu zubin tukwane ke zuba narkakken ƙarfe a ciki. Duk abin da aka yi masa rami don a zuba abu mai ruwa ya daskare ya ɗauki siffar ramin, shi ne mazubi.

Ruwan nan mai kauri kuwa sunansa rezin. Kun san ƙaro da ke tsatsowa daga jikin itatuwa, ya bushe ya yi ƙyalli. Rezin kamar ƙaro ya ke a ido, amma a masana'anta a ke haɗa shi, kuma in ya daskare ruwa ba ya narka shi. A shekarar 1907 ne wani masani mai suna Leo Baekeland, haifaffen Beljiyam mazaunin Amurka, ya fara haɗa irin wannan abu ba tare da ya ɗebo shi daga itace ba. Irin wanda na yi aiki da shi kuwa, daga baya masana a Jamus da Suwizalan da Amurka suka gano shi. Kwalba biyu a ke sai da shi. Ɗaya ita ce rezin ɗin, ɗaya kuma mai daskarar da shi. Muddin suna rabe, ruwa ne. Da zarar an gauraya su sai su fara ɗumi, su yi kauri, su sandare. In kun taɓa ganin gam ɗin nan Araldite mai bututu biyu, to, danginsu ɗaya.

Na sayo rezin na kawo gida. 'Yata mai shekara 11, wadda ta ci sunan Inna, don haka na ke ce mata Uwata, ita ta zama mai taya ni. Muka ɗebo yumɓu muka kwaɓa, na danna dutsen Inna a ciki har rabinsa ya nutse, na cire, muka shanya. Da ya bushe sai ramin ya ɗan tsuke, ya tsage a gefe. Ban kula ba, na zuba rezin. Washegari muka tarar yumɓun ya tsotse rabi, sauran ya manne ƙam. Abin da muka samu curin ƙasa ne mai ƙyalli.

Kada ku ce yumɓu ba ya yin mazubi. Mutanen Kurobo na gabashin Ghana da mazubin yumɓu su ke yin duwatsun ado. Su kan daka kwalabe su zama gari, su tankaɗe. Sai su shafe ramukan mazubin da farar ƙasa don kada abin ya manne, su kafa tsinken ganyen rogo a tsakiyar kowane rami, su cika da garin kwalba, su sa a wuta. Wuta ta narka garin ya haɗe, ta cinye tsinken, inda ya ke ya zama ƙofar zare. Yumɓu ya dace da garin kwalba da wuta. Rezin kuwa ruwa ne mai kama abu kamar gam, ya kan shige cikin duk abin da ke tsotse ruwa. Ni ne na haɗa abin da bai dace ba.

Da na yi tambaya a nan, da na huta. Amma ina jin nauyi a ce mai duba malamai bai san abu ba. Sai na sayo farin garin filasta, irin wanda likita ke ɗaure karaya da shi. Na dama shi a gwangwanin madara, na nutsa dutsen Inna dukansa a ciki, da nufin in ya daskare in raba shi biyu. Kafin rabin sa'a ya yi tauri. Na ɗauko zarto, sai Uwata ta ce, "Baba, in zarton ya sami dutsen fa?"

Na tsaya da zarto a hannu, gabana ya faɗi. Ban san daidai inda dutsen ya ke a ciki ba. In na yanka, in yanke shi. In na buga da guduma, gilashi ne, ya fashe. Ni da na yi alkawarin mai da duwatsu 8 su zama 9, ga shi ina shirin mai da su 7.

Dare uku muka yi a kan gwangwanin nan. Na yanke ƙarfen da almakashi, na jiƙa filastar a ruwa, ina ƙwaƙule ta da allura kaɗan kaɗan, Uwata tana riƙe mini fitila. A rana ta biyu Inna ta ce, "Ina dutsena?" Na ce, "Yana nan, Inna." Ba ƙarya na yi ba, amma ban iya duban idonta ba. A dare na uku muka hango shuɗi a cikin fari. Muka bi shi a hankali har ya fito lafiya. Ban taɓa jin daɗin ganin wani abu kamar ran nan ba.

A cikin makon nan na je duba wata makarantar ƙauye. Na tarar da wani saurayin malami yana koya wa 'yan aji biyar aikin hannu, hannunsa kuwa ya iya. Da aka tashi na ajiye littafin dubawa, na ba shi labarina duka. Ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ka duba tanda. Bakin raminta ya fi cikinsa faɗi, shi ya sa waina ke fita. Dutsen ado kuwa cikinsa ya fi bakinsa, ba zai fita daga mazubi mai tauri ba. Sai a yi masa mazubi mai taushi, wanda zai buɗe ya sake shi, sa'an nan ya koma yadda ya ke." Na zauna a kan bencin yara, ya koya mini. Lalle matambayi ba ya ɓata.

Ga yadda muka yi. Akwai wani gam da masu sa gilashin taga ke liƙe gilashi da shi, a ke kiransa silikon, mai wari da tsami yana hawa kai. In ya bushe ya kan zama kamar roba, rezin kuma ba ya kama shi. Amma in ya yi kauri, samansa kaɗai ke bushewa da wuri, gama laimar iska ce ke busar da shi. Dabarar ita ce a cuɗa shi da garin sitaci, domin sitaci yana ɗauke da 'yar laima, ya kai ta har can ciki.

Muka fita tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Na sa safar hannu ta roba, na matsa silikon a kan faranti, na zuba sitacin masara kimanin yawansa, na cuɗa har ya daina kama hannu, ya zama kamar ƙullin burodi. Na shafa wa dutsen Inna man basilin ɗan kaɗan, na zura wata 'yar miƙaƙƙiyar waya ta ƙofar zarensa, ta leƙo ta kowane gefe. Sa'an nan na lulluɓe dutsen da ƙullin, na danna ko'ina don kada iska ta maƙale, na daidaita gindin don ya zauna. Dole a yi wannan da hanzari, gama ƙullin ba ya jira.

Bayan sa'a guda ya kama jikinsa, amma muka bar shi ya kwana. Da safe na zare wayar, na tsaga saman da reza kaɗan, na matsa gefe da gefe, sai ga dutsen ya fito sumul, ramin ya koma ya rufe. Uwata ta leƙa ciki ta ce, "Baba, ga ɗakin dutsen nan, shi kaɗai ne ba ya ciki!" Na mai da dutsen Inna aljihu, na kai mata tun ban karya kumallo ba.

Saura zubi. Na shafa wa wayar basilin na mai da ita wurinta, don ta yi aikin da tsinken rogo ke yi wa mutanen Kurobo. A jikin kwalaben an rubuta a haɗa awo ɗaya na wannan da awo ɗaya na wancan. Akwai irin da a ke haɗa biyu da ɗaya, don haka kullum sai a karanta. Ni kuwa na auna da ido. Kwana biyu muka jira, abin da ya fito yana danƙo kamar alewar da ta sha rana, ba zai kuma taɓa sandarewa ba. A karo na biyu na auna da sirinji, amma na dama da sauri kamar mai dama fura, iska ta shiga, dutsen ya fito da 'yan kumfa a ciki.

A karo na uku na natsu. Na auna daidai. Na sa garin bula irin na wanki, ɗan abin da bakin tsinke ya ɗauko, gama launi mai ruwa yana ɓata rezin, sai busasshe. Na juya a hankali har minti 3, ina kankare gefen kofin. Na bar shi ya huta kumfa ya taso. Sa'an nan na ɗura shi da sirinji ta tsagar nan har ya cika, na ɗaure mazubin da zaren roba, na kife ƙwarya a kai saboda ƙura. Uwata ta so ta taɓa da yamma, na hana. Bayan sa'a 24 muka buɗe. Na murza wayar ta fita, na goge ɗan tsinin da ya rage a bakin tsagar da sanfefa mai laushi da ruwa, na murje shi da tsumma.

Ga dutse shuɗi, girmansa da siffarsa daidai da na Inna. Muna cikin murna sai Uwata ta ce, "Baba, ya yi tabo." Na duba, ga wani ɗan gurbi kusa da ƙofar zaren, kamar an ɓantare. Na zaci kuskurena ne, na sake zubawa, na biyun ma ya fito da shi a wuri ɗaya. Da na aro na Inna na duba da kyau, ashe tabon a jikinsa ya ke. Mazubin ya kwafe shi bai rage kome ba. Ku lura da wannan. Mazubi ba ya ƙari, ba ya ragi. In abin da aka danna a ciki mai santsi ne, abin da aka zuba zai fito da santsi. In mai tabo ne, ko sau ɗari aka zuba, da tabon zai fito.

Na shirya duka taran a sabon zare mai ƙarfi. A nan wani tunani ya zo mini, na ce ko in yi shiru, in ga ko Inna za ta gane. Watakila ma ta zaci na ainihin aka tsinto. Uwata ta ce, "Baba, za mu gaya mata wanne ne namu?" Kunya ta kama ni, na ce, "Za mu gaya mata."

Ashe ma ba sai mun faɗa ba. Idon Inna ya yi rauni, amma ta karɓa tana bin su da yatsa ɗaya ɗaya. Da ta zo kan na biyar ta tsaya, ta ɗaga shi a tafin hannu, ta ƙwanƙwasa shi a haƙori, ta ce, "Wannan ne baƙon. Ba shi da nauyi, ba shi da sanyi." Gaskiyarta. Gilashi ya ninka rezin nauyi har da ɗoriya, kuma in ka taɓa shi ya fi sanyi. Mazubi siffa kaɗai ya ke bayarwa, ba ya sake ainihin abin da aka zuba.

Sai yatsanta ya faɗa kan tabon. Ta yi shiru, ta laluba na kusa da shi ta sami irinsa, ta yi dariya har da hawaye. Ta dubi Uwata ta ce, "Takwara, kin san wanda ya yi wannan ɓarna? Ubanki ne. Yana rarrafe ya fizge abin wuyan ya buga a dutsen niƙa. Uwata ta ce in bar shi, tabon jikanta ne. Yau ga shi ya mai da shi biyu." Ni ban taɓa jin labarin nan ba sai ran nan.

Na ce, "Inna, in bai yi ba a cire shi." Ta ce, "A bar shi a tsakiya. Amma za a gaya wa amarya, takwas na kakarta ne, ɗaya na wanta ne, kada wata rana ta ce wa 'ya'yanta duka na Bida ne." Haka aka yi. Ran biki autarmu ta sa shi a wuya.

To, yara, in kuna sha'awar wannan sana'a, ku kiyaye abu huɗu. Na farko, kada ku taɓa rezin ko silikon sai da babba a wurin. Kafin su daskare suna ƙona ido, suna sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje, warinsu kuma ba shi da kyau ga ƙirji, don haka sai a waje, da safar hannu. Na biyu, kofi da cokalin da aka yi aikin da su ba a ƙara cin abinci da su. Na uku, ku ɓoye duwatsun ado daga ƙannenku, kada su haɗiye ko su cusa a hanci. Na huɗu, kada ku fara gwaji da abu mai daraja yadda na yi. Ku fara da maɓalli ko marfin kwalba.

Kafin ku kai ga rezin, kuna iya koyon aikin mazubi da yumɓu kaɗai. Ku danna maɓalli a curin yumɓu, ku bari ya bushe, ku barbaɗa toka a ramin, ku danna ɗanyen yumɓu a ciki, ku ciro. Ku huda shi da tsinke, ku shanya a inuwa, ku shafa launi. Ku duba da kyau, za ku ga kowane layi na maɓallin ya fito a jikinsa.

Mazubin nan yana nan a kan teburina a ofis. Malamai su kan tambaye ni ko mene ne. Na kan ce musu wani malamin ƙauye ne ya koya mini yin sa, bayan na yi dare uku ina ƙwaƙular filasta da allura saboda na ƙi tambaya.